Na sauke bes ɗina zuwa BEAD da D'Addario EXL170-5, ga yadda aikin ya kaya bayan wata bakwai

Wata bakwai ke nan cif da na cire tsirkiyar G daga jikin bes ɗina, wato jitar nan mai zurfin murya, na sauke komai ƙasa daga E, A, D, G ya koma B, E, A, D. Tun daga lokacin kusan duk Lahadi in an tashi sujada sai wani saurayi ya zo ya tsaya yana leƙen kan jitar yana ƙirga tsirkiyoyi, ya ga huɗu ne amma kunnensa ya ji irin zurfin da ya saba ji a mai biyar, sai tambaya ta biyo baya. Na gaji da ba da rabin amsa a tsaye a bakin ƙofar coci kowa na sauri ya samu keke, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na saya, da wanda ya yi min aikin, da abin da hannuna da kunnena suka shaida tun daga ƙarshen damina, hunturu ya zo ya wuce, har yanzu da ruwa ya sake sauka a Jos.

Bes ɗin ba wani mai tsada ba ne. Na hannu na saya, ƙirar Precision ce, samfurin kamfanin Fender, amma ba su suka ƙera shi ba, firet 20, wato ƙarafan da ke jere a wuyansa inda ake danna tsirkiya, tsawo inci 34 daga nat, ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a bakin kan jita, zuwa birij, inda suke ɗaure a jikinta, wato tsawon nan da Leo Fender ya fito da shi tun 1951 wanda har gobe yawancin bes shi suke bi. Shekara shida ina tare da shi kuma ina son shi, wuyansa ya san hannuna. Matsalata ɗaya ce tak. Mai kibod ɗinmu da mawaƙanmu ki ɗin E filat da D filat ne gidansu, wani lokaci C, kuma duk wanda ya taɓa riƙe bes mai tsirkiya huɗu a coci ya san baƙin cikin E filat. Muryarka mafi zurfi E ce, rabin taki kacal sama da abin da kake nema, dole ka hau firet na shida a tsirkiyar A ka buga ta a sama, daidai lokacin da waƙa ta kai ƙololuwa mata sun ɗaga murya mai ganga ya buɗe hannu ana jiran "do" ta faɗo da nauyi ta riƙe kowa, kai kuma sai ka ba su wata siririyar "do" da ba ta cika ɗaki ba. Abin yana ci min rai sosai, don aikin bes ke nan, in ƙasa ta zama fanko ba wanda zai cike ta sai kai.

Abin da kowa ke fara yi shi na fara, na sassauta E ta koma D. Ya ɗan yi, ba laifi. Da na yi kwaɗayin C sai abu ya lalace, tsirkiya ta zama kamar igiyar shanya, in na buga da ƙarfi ta daki firet ta yi kar-kar-kar, in na kalli tiyuna, na'urar saita murya, sai in ga allura ta haura sama da farko sannan ta dawo ƙasa a hankali, wato muryar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya balle ta haɗu da kibod. Daga baya na gane dalili. Ƙarfin jan tsirkiya ba ya sauka daidai da yadda murya ke sauka, ya fi ta gudu. E tana kaɗawa sau 41 da ɗoriya a daƙiƙa, D kusan 37, C kusan 33, B kusan 31. In ka sauke taki ɗaya cikakke, daga E zuwa D, kusan kashi 21 cikin ɗari na ƙarfin jan ya tafi. Zuwa C an doshi kashi 37. Zuwa B kuwa kusan kashi 44 ne, rabi saura kaɗan. To tsirkiyar da aka yi don E ba za ta taɓa ɗaukar wannan ba, sai an ƙara mata nauyi, nauyi kuma shi ne kauri.

Na so in sayi mai biyar, gaskiya na so. Amma da na duba farashin mai kyau na duba aljihuna, na kuma gwada masu arha guda biyu na ji B ɗinsu ba ta fi C ɗina mai kar-kar ba, sai na ajiye maganar. Kuma faɗin wuyan mai biyar bai yi wa hannuna daɗi ba, yatsuna gajeru ne. Wani abokina da ke kiɗa a Kaduna ne ya ce min ai ka sayi saitin mai biyar ka ɗauki manyan huɗun ka ajiye ƙaramar, shi ke nan ka samu ƙasan mai biyar a jikin bes ɗin da ka saba da shi.

Kafin in zo kan tsirkiyoyin D'Addario bari in faɗi kuskuren da na fara yi don kar wani ya maimaita. Na shiga wani shago, ba zan faɗi sunansa ba, aka ba ni wani saiti mai arha a kwali mai sheƙi aka ce min ai duk ɗaya ne. Na kawo gida da daddare na cire tsoffin na ɗora sababbi ba tare da na taɓa komai ba, babbar ba ta shiga ramin nat ba, ta hau sama ta zauna a bakin ramin, ni kuma na ci gaba da murɗawa ina tsammanin in ta ji ja za ta faɗa ciki da kanta. Sai na ji ƙas. Gefen nat ɗin ya ɓalle ya yi tsalle ƙarƙashin kujera. Ranar Alhamis ce, ga Lahadi na tafe. Tsirkiyoyin ma da na duba da safe tuni akwai ɗigon tsatsa a jikin biyu, babbar kuma ko a hannu ka kaɗa ta ba ta da rai. Kuɗin nan ya tafi a banza, kuma na yi Lahadin da bes ɗin aro.

Daga nan na nutsu. Na sa wani ɗan'uwa da ke dawowa daga Legas ya sayo min D'Addario EXL170-5 a wurin dila na gaske. Kamfanin Amurka ne, a jihar New York suke yi. Saitin guda biyar ne, kauri 45, 65, 80, 100 da 130, lambobin nan kuwa kashi dubu na inci ne, wato 130 tana nufin inci 0.130, kusan milimita 3.3, ita kuma 100 milimita 2.5. Naɗin nikel ne a kan ƙarfe mai kusurwa shida a ciki, a ƙarshen kowace akwai ɗan zobe mai kala daban don kar ka rikita su, duk a cikin leda ɗaya a rufe ruf iska ba ta shiga. A jikin ledar akwai lambar da za ka iya shigarwa a shafinsu na intanet ka tabbatar ba jabu ba ne, kuma don Allah ku riƙa dubawa, jabun tsirkiya ya yi yawa a kasuwa. Na duba tawa ta fito daidai.

Wanda ya yi min aikin wani dattijo ne a nan Jos, gyaran jita da amf, wato akwatin ƙara sauti, da kibod yake yi a wani ɗan ɗaki da ko mutum uku ba za su zauna a sake ba, kowa Baba yake ce masa. Ba ya son a sa sunansa a intanet don haka na bar shi. Na gaishe shi na miƙa masa bes da ledar tsirkiya da guntun nat ɗin da na tsinto a ƙarƙashin kujera. Ya juya guntun a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, ka sa ƙafar babba a takalmin yaro." Sannan ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata, wai da yatsa nake bugawa ko da fik, ɗan abin kaɗa tsirkiya, a kusa da wuya ko kusa da birij, da ƙarfi ko a hankali, kuma wane ki muka fi yin waƙa a kai. Ya sa na ɗauki wani bes da ke rataye na buga masa waƙa biyu yana kallon hannuna na dama kawai. Ya ce hannuna na da nauyi, don haka ba zai kwantar min da tsirkiya ƙasa sosai ba ko da na roƙe shi.

Na ce masa, "Baba, tsorona kar kaurin nan ya lanƙwasa wuyan." Wannan ne abin da kowa ke faɗa min, wai manyan tsirkiyoyi za su karya jita. Ya ce in yi lissafi da kaina. Uku daga cikin huɗun, 65 da 80 da 100, su ne dai D da A da E ɗin da bes mai huɗu ya saba ɗauka, wurin zama kawai suka canja, kowace ta matsa rami ɗaya. Abin da ya fita G ce, abin da ya shigo B ce. Ita G duk da sirantarta jan da take yi ya haura nauyin fam 40, ita kuma B mai kaurin nan a fam talatin da wani abu take. Ashe jimillar jan ma raguwa ta yi kaɗan. Haka kuwa aka yi, da ya gama ɗorawa wuyan ya ɗan koma baya ne maimakon gaba, sai da ya sassauta ƙarfen cikin wuya, toros rod ɗin nan, da alanki kwata ɗaya na zagaye. Ya ce kwata kwata ake yi, a bar itace ya huta ya amsa, ba a yi masa gaggawa.

Nat ɗin ne ya ci rabin yini, kuma a nan na ga bambancin mai sana'a da mai kame-kame. Bai sa na roba ba. Ya jawo wata gwangwani cike da guntayen ƙashin ƙafar saniya da yake karɓowa a mayanka, ya dafa su ya cire maiƙo ya shanya sun yi fari tas, ya zaɓi ɗaya ya yanka ya goge da samfefa har ya shige gurbin tsam ba ya motsi. Sannan ramuka. Yana da ƙananan magagari amma babu mai faɗin 130, sai ya ɗauki guntuwar tsohuwar tsirkiya mai kauri ya naɗe ta da samfefa mai laushi ya riƙa gogawa, ya goga sau biyar ya ɗora tsirkiya ya gwada, ya cire ya sake. Ramin B ya ɗan fi tsirkiyar faɗi da ƙyar, yadda za ta zame ba tare da ta maƙale ba kuma ba ta rawa. Ƙasan ramin zagayayye ne kamar cikin kwano, kuma ya karkata shi ya gangara wajen kan jita don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba daidai. Zurfin kuwa ga yadda yake aunawa, ya danna tsirkiya a firet na uku ya leƙa saman firet na ɗaya, in akwai ɗan sarari kamar kaurin takarda to ya isa, in ta taɓa an zarce kuma ba a mayar da ƙashin da aka riga aka goge. Da ya gama ya goga bakin fensir a cikin kowane rami. Ban taɓa sanin ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba shi ke riƙe da rabin daɗin jita ba sai ranar. Firet na ɗaya da na biyu da suke min tauri shekara shida ashe tsohon nat ne ya yi tsayi, yanzu kamar man shanu.

A birij ma an ɗan sha fama. Masu garaya da goge jaki suke ce wa nasu, Baba ma haka yake kiran wannan. Ramin da tsirkiya ke bi ta baya ya matse wa 130, wurin da naɗin ya ninku kusa da zobe ya ƙi wucewa, sai da ya ɗan buɗa ramin da magagari mai zagaye. Ku duba wannan kafin ku saya, wasu birij ɗin ba sa ɗaukar abin da ya wuce 110 sai an taɓa su, in ba ka son a taɓa naka to nemi B mai siririn ƙarshe wadda aka rage mata naɗi a wurin da take hawa sirdi, wato ɗan ƙarfen birij da tsirkiya ke zama a kai. A can sama kuma wajen maɗauri, abin da ake murɗawa a ja tsirkiya, ya nuna min inda kaurin tsirkiyar ya ƙare siririn ya fara, ya ce wannan siririn ne kawai ya kamata ya naɗu a jikin maɗauri, in mai kaurin ya hau zai iya tsinkewa daga ciki. A bes ɗina tsawon ya zo daidai, kaurin ya wuce nat da kaɗan ya tsaya. Kafin ya yanke ragowar sai da ya lanƙwasa ta kwana sosai da filaya sannan ya yanke bayan lanƙwasar, wai don kar naɗin ya saki ƙarfen ciki tsirkiya ta mutu tun ba a buga ta ba.

Wani abu da ya yi wanda ban taɓa gani ba, bayan ya ja B ta kai muryarta sai ya sa babban yatsa ya danna ta da ƙarfi a gaban sirdi, ya sake yin haka a gaban nat. Ya ce tsirkiya mai kauri ba ta son lanƙwasa, in ka bar ta sai ta yi baka a kan sirdi maimakon ta karye kwana, muryarta ta riƙa yawo kuma saiti ba zai taɓa zama ba. Yana dannawa kuwa murya ta sauka, ya sake ja, daga nan ta zauna daram.

Sauran awon na rubuta su a waya don in riƙa dubawa. Lanƙwasar wuya, in an danne firet na ɗaya da na ƙarshe, sararin da ke tsakanin tsirkiya da firet na takwas kusan milimita 0.3 zuwa 0.4, kamar kaurin katin biznes. Ya ce kar in auna da katin ATM, shi ya kai 0.76, ya ninka abin da ake so. Tsayin tsirkiya a firet na 17, awon da Fender ke bayarwa wajen milimita 2.4 ne a ɓangaren manya, shi ya bar min B a kusan 3 saboda faɗin kaɗawarta da nauyin hannuna, D kuma ya sauke ta kusa da 2. Sai daidaita murya a firet na 12. B tana fitowa sama da yadda ya kamata, ya riƙa jan sirdinta baya da sukundireba har sifirin ɗin da ke bayanta ya matse ƙarshe ba sauran wuri, sai ya kwance ya yanke rabin sifirin ɗin ya mayar, aka samu ƙarin milimita biyu, ta zauna. Fikof kuma, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya da maganaɗisu, ya sauke ɓangaren B ƙasa kaɗan, don ƙarfe mai yawa kusa da maganaɗisu yana sa murya ta yi wani gurnani biyu biyu kuma ta danne sauran ukun.

Kuɗin aikinsa gaba ɗaya, da ƙashin da komai, bai kai rabin kuɗin tsirkiyoyin ba. Na ƙara masa da kaina don raina bai ba ni in biya wannan kaɗai ba. Abin da zan gargaɗe ku kawai shi ne Baba ba ya sauri kuma ba ya son a tsaya masa a ka ana duba agogo, ya ce in dawo bayan kwana uku wuya ya gama zama ya sake dubawa, kuma da na koma sai da ya ƙara taɓa toros rod ɗin kaɗan. In ranar Asabar da yamma za ka kai masa kana so Lahadi da safe, kar ma ka fara.

To yaya sautin? E filat ta farko da na buga a firet na huɗu na B ranar Lahadi, mai kibod ya juyo ya kalle ni, bayan sujada ya ce yau hannunsa na hagu ya huta. Wannan ita ce shaidar da ta fi min komai, don shekaru yana cike min ƙasa da hannun hagu muna cin karo da juna sauti na dagulewa. D, D filat, C duk sun fito da jiki, ana jin ko wace murya ce, ba gurnani kawai ba. Nikel ɗin yana da laushi a yatsa, bai cin fata, sati biyun farko akwai ƙara mai haske irin ta sabuwar tsirkiya har da ɗan ƙarar yatsa in ka zame, bayan wata biyu hasken ya kwanta ya koma wani dumi da ni na fi so a waƙoƙin sujada. Wata bakwai yanzu ba tsatsa ko ɗigo, amma ni ina goge su da tsumma duk bayan kiɗa kuma ina wanke hannu kafin in fara. Saiti yana zama, sai in buɗe jaka ranar Laraba wajen koyon waƙa in tarar kusan inda na bar shi ranar Lahadi.

Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne E ɗin kanta. Da a buɗe kawai nake da ita, yanzu ina da ita a firet na biyar na B, ina iya kashe ta lokacin da na so, ina iya zamewa in shige ta daga ƙasa, F da G ma haka, sai hannu ya zauna wuri ɗaya a tsakiyar wuya ba sai na yi ta gudu zuwa kai ba. Kuma tunda tazarar tsakanin tsirkiyoyi ba ta canja ba, duk fasalin yatsu da na sani yana nan, sunan muryar ne kawai ya matsa.

Amma fa akwai abin da na rasa, kuma ba zan ɓoye ba. G ta tafi, muryoyi biyar na can sama sun tafi da ita. In kai mai silaf ne, salon dukan tsirkiya da babban yatsa da fincikarta, kana son fincikar G ta yi tsawa, 65 ba za ta ba ka wannan ba, tana yi amma da kauri. Waƙoƙin yabo masu sauri irin na makosa da hailaif inda bes ke hawa sama yana zuba, sai na haura firet na 12 zuwa sama kafin in samu abin da da nake samu a na bakwai. Sati uku na farko kuma kaina ya sha wuya, hannu ya saba babbar tsirkiya E ce, sau biyu na shiga waƙa a muryar da ba ita ba a gaban jama'a, abin ya dame ni har na koma ina zama minti talatin kullum da daddare ina kiran sunan kowace murya da baki ina dannawa. Ya wuce yanzu.

Ita B ɗin kanta, a inci 34 ta ɗan fi sauran laushi a hannu, kana jin bambanci in ka tashi daga E ka faɗa mata. Ba laifin tsirkiyar ba ne, lissafi ne. In kana so B ta yi tauri daidai da E mai 100 sai kaurinta ya kai wajen 133, in kuma da 105 ka saba sai wajen 140. Shi ya sa masu ƙera bes da yawa suke yin mai biyar a inci 35, Dingwall na Kanada ma har 37 suke kai B da firet ɗinsu masu karkata. Sama da firet na 12 kuma B ba ta da daɗi sosai, muryar tana yin duhu, ni dai ba na zuwa can da ita. Ƙaramin tiyuna mai maƙalawa a kai shi ma yana rikicewa da B a buɗe, sai na taɓa ta a hankali a saman firet na 12 ta ba da muryar sama sannan ya kama.

Maganar amf kuma kar wanda ya yaudari kansa. Ƙaramin amf ɗina na gida mai sifika inci 10 ba ya fitar da kaɗawa 31 ɗin nan ta B, abin da kunne ke ji ninkinta ne, 62 da 93, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Da na ƙara nob ɗin bes don in ji ta sosai sai sifika ta fara tari tana tsalle kamar za ta fito, na yi maza na rage. Abin da ya yi aiki shi ne rage bes ɗin kaɗan a ƙara na tsakiya, nan take B ta fito fili. A coci ta miksa nake bi zuwa manyan sifiku, can kam ana jin ta a ƙirji, sai da na roƙi mai miksa ya rage min can ƙasa don rufin kwano ya daina amsawa.

Ba kowa ne ke buƙatar zuwa B ba. In D ce kawai damuwarka a waƙa ɗaya ko biyu, akwai maɗaurin Hipshot mai ɗan hannu da kake turawa E ta koma D nan take ka mayar in an gama, ba ruwanka da taɓa nat. In kana so ka sauke duka huɗun taki ɗaya su koma D, G, C, F, saiti mai 55, 75, 90, 110 irin EXL230 na D'Addario ko Power Slinky na kamfanin Ernie Ball zai yi, ko da yake a lissafi 105 a E daidai take da wajen 118 a D, don haka mai nauyin hannu zai fi jin daɗin 115 ko 120. Kuma in ba ka son sayen biyar ka ajiye ɗaya a banza, Ernie Ball suna da Beefy Slinky mai 65, 80, 100, 130, guda huɗu daidai wannan aikin, ban gwada shi ba tukuna don wanda na aika bai samu ba. Ni G ɗina ban yi asararta ba, na ba wani yaro da tasa ta tsinke. Ka dai sani in an buɗa ramukan nat, komawa E, A, D, G sai da sabon nat, don sirara za su riƙa rawa a cikin manyan ramuka.

Sai hunturu. A Disamba da iska ta bushe ƙarƙaf itacen ya tsuke, wuya ya ɗan lanƙwaso gaba tsirkiyoyi suka yi sama, bakin firet ma suka fara kartar gefen hannuna. Na mayar wa Baba, ya ɗaure toros rod kwata, ya goge bakin firet ɗin, ya shafa ɗan mai a allon yatsu, bai karɓi ko sisi ba ya ce cikin aikin farko ne. Ya gaya min tun lokacin cewa in ruwa ya sauka wuya zai koma baya B za ta fara taɓa firet na farko farko, kuma satin da ya wuce ta fara, a firet na biyu da na uku. Wannan karon da kaina na sassauta kwata ɗin kamar yadda ya koya min, na bar shi ya kwana, na auna da katin biznes da safe ya dawo daidai.

Zan sake sayen D'Addario, wannan ba shakka, amma saiti na gaba EXL160-5 nake so, mai 50, 70, 85, 105, 135, don in ji ko ƙarin kaurin nan zai ɗaure min B yadda hannuna ke so. Na riga na faɗa wa Baba, ya ce in sun iso in kawo bes ɗin da safe ya ƙara buɗa ramukan kaɗan, kuma in taho da haƙurin kwana uku.